Ba Duk Kanwar Ja Ce Ba

  Ina gaida iyayenmu mata da ke bakin murhu, da 'yan kasuwa da ke rumfunansu, da direbobi da ke kan hanya. Ina gaida mutanen Nima da Mamobi, da na Sabon Zango, Fadama, Madina da Ashaiman. Sharhinmu na yau a kan kanwa ne. Ita ce wadda ake ƙullawa a 'yar leda a kasuwar Nima, a saye ta da canjin da ya rage bayan an gama cefane. Da ita ake dafa wake da shinkafar da duk Gana ke kira waakye. Ita ke sa miyar ayoyo da ta kuɓewa su yi yauƙi a ci tuwon zafi. Tana cikin tubani, tana cikin ɗanwake, tana cikin kunun mai jego. Maganar da nake so ku riƙe guda ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta. Kanwa iri-iri ce, kuma ba duk farin dutse ne kanwa ba. Don haka mu san kanwa kafin mu jefa ta a tukunya.

Bari mu fara da asalinta. Kanwa ma'adini ce, ba a shuka ta, ba a ƙera ta a masana'anta. Masana duwatsu suna sa ta a dangin da suke kira kabonet, dangin da farar ƙasar siminti da alli suke ciki. Ƙwayar da ta fi yawa a cikin kanwa mai kyau suna kiranta turona, kuma sinadarin sodiyam ne ginshiƙinta, wato sinadarin da ke cikin gishirin miya. Farar ƙasa tana ko'ina a duniya. Kanwa kuwa wurarenta ƙidayayyu ne, domin sharaɗinta yana da wuya. Sai an sami kwari ko tafki wanda ruwa ke shiga amma ba ya fita zuwa teku. Sai ruwan ya biyo ta cikin duwatsu da ƙasa masu sodiyam. Sannan sai rana ta fi ruwan sama ƙarfi, shekara da shekaru, ta yadda ruwan zai ƙafe ya bar abin da ya ɗauko. Inda damina ke da ƙarfi, kamar nan bakin teku, ruwa wanke ta zai yi. Shi ya sa abin da ake samu a Ada da Daboya gishiri ne. Kanwarmu baƙuwa ce, daga nesa take zuwa.

To daga ina? Ku biyo ni gabas, zuwa ƙasar Manga da Muniyo a Jamhuriyar Nijar, wajejen Gure da Maine-Sorowa. A can akwai kwaruruka tsakanin tuddan rairayi. Da damina ruwa yakan taso ya kwanta a cikinsu. Idan rani ya yi, sai ruwan ya janye, ƙasa ta yi farin ɓawo. Wannan ɓawon ake kankarewa a tara. Na sama-sama yakan zo gari, haɗe da ƙura. Na ƙasa yakan zo dunƙule, wani fari, wani ja-ja. A gabashin tafkin Chadi kuma, a ƙasar Kanem, aikin ya fi haka wuya. Can shiga ake yi cikin taɓon kwari a fasa kanwar da ta daskare, a ɗago ta falle-falle. Ita ce ungurnu. A da Buduma ne ke ƙetaro da ita a jiragen ruwa zuwa gaɓar Barno, daga nan fatake su karɓa. Akwai kanwar Kawar, can cikin hamada wajen Bilma, akwai ta Dallol Boso a yammacin Nijar. Kowace da sunanta, kowace da aikinta. Farar kanwa da garinta su aka fi ba dabbobi. Jar kanwa ta shiga girki da magani. Ungurnu ita ce mai daraja, masu taba da masu magani suna nemanta. Akwai gwangwarasa ma, daga Muniyo. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya tattara waɗannan sunaye da hanyoyin cinikinsu a littafin da ya fitar a 1986. Abin lura shi ne, daga bakin fatake da mahaƙa ya samo da yawa daga cikin abin da ya rubuta. Ilimin namu ne tun asali.

Yanzu mu dawo gida, domin tarihin kanwa ya taɓa tarihinmu. A da, ayarin da ke tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja neman goro ba ya zuwa hannu rabbana. Yana ɗauke da tufafi da fatu da dawaki, kuma a kan jakuna da yawa kanwa ce. Tafiya ce ta watanni. A ƙetare Kwara, a bi ta Bargu da Jugu da Yandi, a sauka Salaga. A can ake sauke kanwa a ɗauki goro. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kete Krachi, Yeji, Kumasi da nan Accra. Nima kanta daga baya ta kafu, a farkon shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami wurin. Madugun wancan zamani ba ya sayen kanwa ido rufe. Ba zai wahalar da jakinsa wata da watanni da kayan da bai tantance ba. Yana ɗaga dunƙule ya ji nauyinsa, ya fasa ya duba cikinsa, ya faɗa maka ƙasar da ta fito. Yau kuwa fa? Babbar mota ta maye gurbin jaki, buhu ya ratsa hannu biyar ko shida kafin ya iso kasuwar Laraba ta Nima. A farfasa, a ƙulla a leda. Ba suna, ba gari, ba iri. Mai saye ya ce a ba shi kanwa, mai sayarwa ta miƙa, magana ta ƙare. Kayan yana nan, amma sanin kayan yana ta raguwa. Wannan shi ne abin da ke damuna.

Kafin mu wuce, ku ji yadda wasu ƙasashe suka ɗauki wannan ma'adini. A Amurka, a jihar Wayomin, akwai shimfiɗar turona mafi girma da aka sani a duniya, ragowar wani tafki da ya ƙafe kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce. Rami ake shiga ana haƙo ta, a tace, a yi gilashi da sabulun gari. A Kenya, kamfanin da aka kafa a 1911 yana kwasar ta a tafkin Magadi. Mutanen Masar na zamanin Fir'auna da ita suke busar da gawar sarakunansu, abin da ya sa har yau gawarwakin ba su ruɓe ba. A Tanzaniya akwai dutse mai aman wuta, Ol Doinyo Lengai, wanda abin da yake amayarwa dangin kanwa ne. Yakan fito baƙi, iska mai laima ta taɓa shi ya koma fari. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke cikinsa, wadda samun ta ke da wuya ƙwarai, an sa mata sunan Julius Nyerere. Abin da wasu ke gina wa masana'anta da ɗakin bincike, mu muna da shi a gefen murhu.

Mu zo ga aikin kansa. Yaya ake gane kanwa? Ba a buƙatar na'ura. Kofin gilashi, ruwa da lemun tsami sun isa. Da farko a duba. Kanwa mai kyau tana da ƙwayoyi masu ɗan sheƙi idan an fasa ta, wasu kamar zare-zare a jere. Ba ta da tauri sosai, wuƙa tana kankare ta cikin sauƙi. Launinta fari ne mai toka-toka, ko ja-ja, ko ruwan ƙasa, gwargwadon ƙasar da ta fito. Amma ido kaɗai yana ruɗi, don haka sai a je ga gwaji. A jefa ɗan ƙarami a rabin kofin ruwa, a motsa, a bar shi. Kanwa narkewa take yi. Idan ruwan ya kwanta, a ɗaga kofin a duba gindinsa a haske. Abin da ya taru a ƙasa yashi ne da laka. Idan ɗan kaɗan ne, to madalla. Idan ya yi tudu, rabin kuɗinki ƙasa kika saya, Hajiya. Sai gwaji na biyu. A ɗauki wani guntun a busasshen faranti, a matsa masa lemun tsami. Kanwa za ta yi kumfa nan take, har ki ji tana tsuwa. Wannan kumfar iska ce ke fita, irin wadda ke cikin lemon kwalba, kuma ita ce shaidar dangin kabonet. Ku riƙe waɗannan biyu tare. Ta narke a ruwa, ta yi kumfa da tsami. Sai an sami duka biyun.

Me ya sa na ce duka biyun? Saboda kanwa tana da masu kama da ita. Gishiri yana narkewa, amma ba ya kumfa da lemun tsami. Alli da farar ƙasar siminti suna kumfa, amma ba sa narkewa. Ayilo, farar lakar nan da mata ke ci, saɓulewa take yi ta dama ruwa, ba ta narkewa. Alam da ake tace ruwa da shi yana narkewa, amma shi mai tsami ne, ba ya kumfa. Ga kuma gwaji na uku ga mai zoɓo a gida. A ɗiga ruwan kanwa a cikin ɗan jan zoɓo, za a ga launinsa ya juye ya yi duhu. Wannan ƙarfin ne yake jawo jan launi daga karan dafi a tukunyar waakye. Sai abu guda da nake roƙon ku saurara da kyau. Sodar sabulu, wadda masu yin sabulu ke saye, fara ce, kuma ruwanta garau yake kamar ruwan sha. Guba ce mai ƙona maƙogwaro. Likitoci a Gana sun daɗe suna kokawa kan yaran da ake kawo musu sun sha ta bisa kuskure. Alamarta ita ce tana ɗumama ruwa idan ta narke, tana jawo laima, tana cin fata. Kada a ajiye ta kusa da kayan miya. Kada a zuba ruwanta a robar ruwan sha. Kuma kada kowa ya ɗanɗana farin abin da bai san asalinsa ba da sunan gwaji. Haka nan, sunayen da ake kiran kanwa da su a Turancin kasuwa, fotash da solfita, sunayen wasu sinadarai ne dabam. Na biyun ma da shi ake haɗa albarushi. Wanda ya shiga shagon sinadarai da wannan suna zai iya fitowa da abin da ba kanwa ba.

Amma gwajin gida yana da iyaka. Kofi da lemun tsami za su nuna maka cewa kanwa ce. Ba za su nuna abin da ke ɓoye a cikinta ba. Tun da daga ƙasa ake kwaso ta, tana zuwa da abin da ƙasar ke da shi. A Tanzaniya suna girki da tasu kanwar da suke kira magadi. Bincike ya nuna wadda ake samu a wasu yankuna tana ɗauke da sinadarin fuloraid mai yawa, har yana ɓata haƙoran yara, su yi ja, su yi rauni. Ta wani wurin kuma da sauƙi. Kun ga ke nan asali yana da muhimmanci. Idan ba a san daga wane kwari buhu ya fito ba, ko an gwada shi an ga aibi, ba a san wanda za a daina saye ba. Nan ne aikin hukuma ya shigo. Muna da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna. Muna da Hukumar Binciken Ƙasa, wadda ke aiki tun 1913. Muna da jami'a a Legon, tafiyar mintuna daga Nima. Abin da mutane masu ɗimbin yawa ke ci kowace safiya ya cancanci a ɗebi samfurinsa daga kasuwa a kai a kai, a auna, a faɗa wa jama'a sakamako da harshen da suke ji.

Na san akwai mai cewa, Malam, kakanninmu sun ci kanwa ba su gwada ba, kuma sun yi tsawon rai. Wannan magana tana da nauyi, bari in amsa ta a hankali. Na farko, sun gwada. Tsohuwar da ke jiƙa kanwa a ƙoƙo tun dare, da safe ta tsiyaye ruwan sama ta zubar da na gindi, gwaji take yi, tacewa take yi. Mu ne muka koma jefa dunƙule kai tsaye saboda sauri. Na biyu, cinsu ba irin namu ba ne. Su gishiri da daddawa suka sani. Mu a tukunya ɗaya akwai gishiri, akwai dunƙulen magi, akwai kifin gishiri, ga shito, ga kanwa a kai. Duk sodiyam ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokali ɗaya ba. Kanwa ba ta da ɗanɗanon gishiri sosai, shi ya sa ba ma lissafa ta, amma jiki yana lissafawa. Na uku, ba kowa ne ya tsira ba. A Zariya, likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi matan da zuciyarsu ta kasa bayan haihuwa, suka fitar da sakamako a 1978. Sun danganta yawan ciwon da kunun kanwa mai yawa, da wankan jego, da kwanciya a gadon wuta har kwana arba'in. Shi Parry daga baya ya shugabanci makarantar likitoci a Kumasi. Binciken da ya biyo baya, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano, ya nuna lamarin ya fi haka faɗi, akwai rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin wani sinadari a jini, kuma bai ɗora laifin a kan al'adar jego ba. Saboda haka ba na cewa kanwa ce ke kashe masu jego. Ina cewa zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki ba ta buƙatar ƙarin lodin sodiyam. Mai hawan jini da mai ciwon ƙoda ma haka.

Ga kuma wani daga ɗaya ɓangaren. Shi cewa yake yi, to a daina kanwa mana, a koma sodar burodi ta cikin kwali, ko a bar duka. Wannan ma ban bi shi ba. Sodar burodi 'yar uwar kanwa ce, sodiyam ɗin dai shi ne. Ta fi tsabta, gaskiya ne, amma wanda ya zuba ta da yawa bai tsere wa komai ba. Sannan kanwa tana da amfanin da ba a raina shi. Tana karya taurin wake, ya nuna da wuri. Mai sayar da waakye da ke tashi tun kafin asalatu ta san abin da hakan ke nufi a kuɗin gawayi da gas. Tana riƙe koren ganye, tana kashe tsami. Makiyaya sun san dabba tana buƙatarta. Inda aibin yake shi ne yawa. Idan ta yi yawa, tana lalata wasu bitamin da ke cikin wake da ganye, abinci ya yi laushi amma amfaninsa ya ragu. Hanyar a buɗe take. A jiƙa wake tun dare, zai buƙaci kanwa kaɗan. A yi amfani da tataccen ruwanta. A auna da cokali, kada a auna da ido.

Yanzu ga shawarar da na fi so ta shiga kunnen malamai da shugabannin unguwa. Mu tara kanwa, mu adana ta. A ƙasashen da suka ɗauki ilimin ƙasa da muhimmanci, akwai masu tara duwatsu, kowane da takardarsa. A wurinsu dutsen da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin darajarsa. Makarantun Nima da Mamobi, na boko da na Islamiyya, za su iya yin wannan ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba. Ɗalibai su je wurin manyan dillalai da tsofaffin mata masu kayan ƙoli. Su gaishe su da ladabi, su sayi guntu daga kowane iri. Su tambaya, Mma, wannan yaya sunanta? Daga wane gari aka kawo ta? Me ake yi da ita? A rubuta amsar da ranar da aka saya. A sa kowane guntu a busasshiyar kwalba mai murfi, domin laimar Accra tana cin kanwa, ta jiƙe ta ruguje. A ajiye alam da alli da gishirin Ada a gefe don kwatance. Cikin zangon karatu ɗaya makaranta za ta mallaki ɗan gidan tarihi. Yaro zai koyi kimiyya da hannunsa, ya koyi taswirar Nijar da Chadi, ya ji labarin ayarin Gwanja daga bakin kakarsa. Kuma ranar da masu bincike suka zo, za su tarar da samfuri mai suna da asali.

Wani zai ce, muna fama da kwata da ambaliya da rashin aikin yi, ka zo mana da zancen kanwa. Na yarda waɗannan sun fi girma. Amma waɗancan suna jiran kasafin gwamnati, wannan kuwa ba ya jiran kowa. Kuma yana da wa'adi. Tsofaffin da ke iya bambanta ungurnu da jar kanwa da kallo ɗaya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. 'Yan kasuwa ma kada su ji tsoron wannan magana. Wadda ta iya cewa kanwata daga gari kaza take, ga sunanta, ga tsabtarta, ita mai saye zai koma wa.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. Iyayenmu mata, ranar Laraba idan kun shiga kasuwa, ku tambayi sunan kanwar da asalinta kafin ku biya. In kun koma gida, ku jiƙa, ku tace, ku rage. Masu jego da masu hawan jini, ku je asibitin Mamobi ko wanda ya fi kusa a auna ku, ku faɗa wa likita gaskiyar kunun da kuke sha. Masu sabulu, ku kulle sodarku inda hannun yaro ba ya kaiwa. Malamai, ku tura ɗalibanku wurin tsofaffi tun suna nan. Mu san kanwa kafin mu jefa ta a tukunya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a abin da muke ci.